Firinta Mai Tawada ko Mai Tona? Jagora Ga Mai Saye Daga Karkara

Duk wanda ke zaune a ƙauyukan Ringim, Gumel, Rano ko Dambatta ya san abin da takarda guda ke ci. Yaro zai fitar da silif ɗin JAMB, ko makaranta ta nemi kwafin takardar NIN, sai an hau babur zuwa cikin gari, a tarar shagon kwamfuta ba wuta, a zauna jiran a tayar da inji. Kafin a dawo gida kuɗin acaɓa ya ninka kuɗin bugun, yini kuma ya tafi. Shi ya sa malaman firamare, masu makarantun Islamiyya, sakatarorin ƙungiyoyin manoma da iyayen da ke da 'ya'ya a sakandare suka fara tunanin ajiye firinta a gida.

In ka shiga shago a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko cikin Dutse ko Haɗeja, abin da mai kaya zai fara tambayarka shi ne, "Alhaji, nawa ne a hannunka?" Ba laifinsa ba ne, ciniki yake nema. Sai dai ga mutumin karkara kuɗin saye ne ya kamata ya zo ƙarshe. Abu biyu ne ke raba gardama: irin wutar da ke gidanka, da yawan kwanakin da firintar za ta yi a ajiye ba a taɓa ta ba.

Ka fara sanin abin da ke cikinsu

Mai tawada, wadda ake rubuta Inkjet a jikin kwalinta, ruwan tawada take fesawa a kan takarda ta wasu ƙananan ƙofofi da ba su kai kaurin silin gashi ba. Ƙofofin suna jikin wani ɓangare da masu gyara ke ce wa hed, shi ne ke kai da komo yayin bugu. Ba ruwanta da dumama takarda, don haka ba ta da cin wuta.

Mai tona, wato leza, ba ruwa a cikinta ko ɗigo. Gari ne mai laushi, wato tona, a cikin wani ɗan akwati da ake cirewa a mayar, ana ce masa katirij. Hasken leza na zana rubutun a jikin wani bututu mai juyawa da ake kira diram, garin ya manne inda aka zana, ya sauka kan takarda, sannan takardar ta ratsa ta cikin hita mai zafin da ya kusa digiri 200, ta narkar da garin ya liƙe. Ɗumin da kake ji a jikin takarda idan ta fito, daga nan yake.

Mai tawadar ma iri biyu ce, kuma nan ne ake yi wa baƙo shigo-shigo ba zurfi. Akwai mai ƙananan katirij guda biyu, baƙi da kala, irin su HP DeskJet. Akwai kuma mai tanki a gefe, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, irin su Epson EcoTank, Canon PIXMA jerin G da HP Smart Tank. Suna kama da juna a ido, amma a aljihu ba su haɗa hanya ba.

Mataki na 1: Duba wutarka

A takarda, KEDCO ce ke ba Kano, Jigawa da Katsina wuta. A zahiri, ƙauyuka da yawa sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba, in ma ta zo sau da yawa ba ta da ƙarfi. Saboda haka tambayar ita ce: sola gare ka, janareta, ko kuwa jiran NEPA kake?

Firinta mai tanki irin Epson L3210 ko L3250 wat 12 zuwa 14 take ja lokacin da take bugu. Bai kai abin da fankar tsaye ke ja ba. Duk solar da ke da inbata, komai ƙanƙantarta, za ta ɗauke ta ba tare da ta ji a jikinta ba. Ita kuwa ƙaramar leza irin HP LaserJet P1102 tana jan wajen wat 360 tana cikin aiki. Wannan ma da sauƙi. Matsalar tana wajen tashi: duk lokacin da hitar za ta ɗauki zafi, takan fizgi wuta lokaci guda, kuma a ƙananan leza da yawa fizgar kan kai wat 800 zuwa 1,000 na 'yan daƙiƙu.

A nan mutane ke ruɗewa, su ce leza shan batir take. Ba haka ba ne. Shafi 100 a leza mai fitar da shafi 18 a minti bai wuce aikin minti 6 ba. Ko ka lissafa da wat 360, abin da ta sha bai kai wat 40 na awa guda ba, alhali batir mai 200Ah na ɗauke da sama da 2,000. Batirin ba zai girgiza ba. Inbatar ce ba za ta jure fizgar ba: sai ka ji ta yi ƙara ta ɗauke, fitilu su mutu, takarda ta maƙale a tsakiyar hita. Inbata mai 1kVA ainihin ƙarfinta wajen wat 800 ne, ka ga in akwai fanka da talabijin a kai, ba wurin da leza za ta shiga. In ka nace sai leza a kan sola, nemi inbata mai 1.5kVA zuwa sama, kuma ka tabbatar irin mai tsaftatacciyar wuta ce, wadda masu haɗa sola ke ce wa fiya-sayin. Mai arahar nan da ke sa fanka gurnani tana wahalar da hitar leza.

Haka zancen yake a janareta. Ƙaramin Tiger ɗin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, duk da an rubuta 950 a jikinsa, ƙarfin da yake iya riƙewa wajen wat 650 ne. Ka jona masa leza ka ji yadda zai shaƙe. Wani lokaci zai daure ya buga, amma wutar da ke hawa da sauka haka ita ke kashe allon wutar firinta a hankali. Mai babban inji, irin wanda ke tayar da firiza ko famfon ruwa, shi ba shi da wannan damuwa.

Kada kuma ka jona leza a ƙaramin UPS na kwamfuta, wato ɗan akwatin batir da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Masu ƙera UPS ɗin da kansu sun hana. In kuma wutar NEPA ce ke zuwa muku da rauni, sitabilaiza dole ce ga leza, domin hita ba ta kai zafin da ake so da raunanniyar wuta, sai firintar ta tsaya tana ƙyafta jar fitila.

In wutarka ƙaramar sola ce ko ƙaramin Tiger, magana ta kusa ƙarewa: mai tanki ce taka. Amma karanta mataki na gaba tukuna.

Mataki na 2: Sau nawa za ka kunna ta?

Wanda ya taɓa barin maganin feshi ya kwana a cikin famfon feshi ya san yadda bakin ke toshewa. Haka hed ɗin mai tawada yake. Tawada ruwa ce, ƙofofin kuma sirara ne, in aka bar su makonni ba aiki sai ta bushe a ciki. Yankinmu kuwa ba ya raga mata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce mai busar da leɓe da kaushin ƙafa, daga Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40, alhali yawancin masu ƙera firinta iyakar zafin da suka yarda a yi aiki a ciki bai wuce 32 zuwa 35 ba. A ɗaki mai rufin kwano ba silin, abin ya fi haka.

Alamar toshewa ita ce fararen layuka a cikin rubutu, ko wata kala ta ɓace gaba ɗaya, fuskar mutum ta fito shuɗiya. Firintar na da hanyar wanke kanta, amma duk wanki tawada take zuƙa ta zubar a cikin wani soso da ke ƙasanta. In wankin ya yi yawa soson ya cika, sai ta ƙi aiki har sai an kai wa mai gyara. In kuma toshewar ta yi tsanani, sai canjin hed. Na Canon da HP masu tanki kana iya cirewa ka sa sabo da hannunka. Na Epson a kafe yake, ya fi daɗewa, amma canjinsa aikin mai gyara ne kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Maganin abin mai sauƙi ne in za ka iya riƙe shi: ko ba ka da aiki, ka buga shafi ɗaya mai ɗauke da duk kalolin aƙalla sau ɗaya a mako. Ka sa masa rana, misali duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Leza ba ta san wannan ciwon ba. Gari ba ya bushewa, tunda dama busasshe ne. Ka rufe ta da kyalle ka tafi cirani Legas ko Fatakwal, ka dawo da damina ka kunna, za ta buga kamar jiya ka bar ta. Malamin da aikinsa ke zuwa sau uku a shekara, ƙarshen kowane zangon karatu, ya buga takardun jarrabawa shafi ɗaruruwa cikin kwana biyu sannan ya ajiye wata uku, wannan leza aka yi dominsa, ko da kuwa zai riƙa aron babban inji a ranakun.

In kuma ka zauna ka ƙirga ka ga abin da gidanku ke bugawa a wata bai kai shafi goma ba, gaskiyar magana kada ka saya. Ka riƙa tara aikin zuwa ranar kasuwa.

Mataki na 3: Me za ka riƙa bugawa?

Rubutu zalla, kamar tambayoyin jarrabawa, wasiƙu, rasit, takardar yarjejeniyar jinginar gona ko rajistar 'yan ƙungiya, leza baƙa ta fi kyau da shi. Haruffanta sun fi kaifi, kuma masu buga Larabci da ajami za su ga bambanci a wasula da ɗige-ɗige. Ta fi sauri kuma: shafi 18 a minti, inda L3210 ke yin wajen 10 a baƙi, 5 a kala.

Akwai kuma maganar ruwa. Rubutun tona ba ya narkewa. Ko takardar ta jiƙe a aljihu da gumi ko ruwan sama, za a iya karantawa. Tawadar kala ta yawancin masu tanki kuwa tana bajewa da ɗigon ruwa, tana kuma koɗewa in rana na dukanta. Baƙar tawadar Canon jerin G da ta HP Smart Tank ta fi jure ruwa, domin irin mai ƙwayoyin launi ce da ke zama a saman takarda. Epson ma na da jerin M, masu tanki amma baƙi kawai, da irin wannan tawadar. Ga mai ƙaramar sola da rubutu zalla yake bugawa, wannan jerin ya cancanci a tambaya.

In akwai kala a aikinka, hoton fasfo, katin ɗaurin aure ko na suna, takardar shaidar saukar karatu, silif mai hoto, to mai tanki ce. Tana karɓar takardar hoto mai sheƙi da kati mai kauri ta bayanta. Leza mai kala kuwa, shawarata ka kauce mata: katirij huɗu take ci, ta fi nauyi, ta fi jan wuta, kuma hotonta bai kai na tawada kyau ba. Kada ka kuskura ka sa takardar hoto ta mai tawada a cikin leza, shafen da ke kanta zai narke ya ɓata hitar.

Sannan ka lura, rabin abin da ke kai mutumin ƙauye shagon kwamfuta ba bugu ba ne, hotokofi ne. Saboda haka ko wacce ka zaɓa, nemi mai gilashi a sama, wadda ke bugu, kofi da sikanin. L3210 da L3250 duk suna da shi. A ɓangaren leza akwai irin su HP LaserJet M1132 da Canon MF3010. Kofi ba ya buƙatar kwamfuta ko waya, ɗora takarda ne ka danna.

Mataki na 4: Lissafin shafi

Kafin ka tambayi kuɗin firinta, tambayi kuɗin abincinta, sannan ka raba da yawan shafin da aka rubuta a kwalin. Katirij ɗin HP 123 baƙi shafi wajen 120 yake yi, na kala wajen 100. Kwalbar Epson 103 baƙa shafi 4,500, kalolin uku tare 7,500. Baƙar Canon GI-490 shafi 6,000. Tonar HP 85A shafi 1,600, 12A kuma 2,000.

Ka raba 4,500 da 120 ka gani: sai ka sayi ƙaramin katirij sama da 37 kafin ka buga abin da kwalba ɗaya za ta buga. Shi ya sa mai katirij ta fi kowacce araha a kanta. Kamfanin ya san inda zai fanshe. Araha ba ta ado. Ana ɗura wa katirij ɗin tawada da sirinji, amma bayan ɗuri kaɗan ƙofofin kan ƙone. Ni dai ban ga gidan da zan ce ya saye ta ba.

Waɗannan alƙaluman na kamfani ne, kuma an auna su da shafi mai ɗan rubutu. Na tona, kashi 5 cikin 100 na farin takardar kawai rubutu ya rufe. Hotokofin katin shaida mai baƙin gefe ko takardar jarrabawa mai cunkoso ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Ka kuma sani tonar da ke zuwa cikin sabuwar leza yawanci ba cikakkiya ba ce, sannan mai tanki na shanye wani kaso na kwalaben farko wajen cika bututunta.

Abin da ya sa 85A da 12A suka yi farin jini a Arewa shi ne samuwa. Masu ɗura musu gari suna nan a kusan duk babban gari, kuma diram ɗinsu a cikin katirij yake, in ya gaji a canja shi da kuɗi kaɗan. Canon LBP2900 ma na karɓar katirij irin na 12A. Wasu sababbin firintoci kuwa na da ɗan guntun allo a jikin katirij da ke ƙin wanda ba na kamfani ba, musamman bayan sun sabunta manhajarsu ta intanet. Tambayar da za ka yi kafin ka biya ita ce: in ta ƙare, a ina mafi kusa da ƙauyenmu zan samu? In amsar ita ce sai an aiko daga Legas, ajiye ta.

Mataki na 5: Waya ko kwamfuta?

Gidaje da yawa ba kwamfuta, takardun duk a WhatsApp suke zuwa. In haka kake, sai mai Wi-Fi. Bambancin L3210 da L3250 ke nan: ta biyun ce ke haɗuwa da waya. A leza kuma duba harafin w a ƙarshen lamba, kamar P1102w ko LBP6030w. Haɗin waya da firinta kai tsaye ba ya cin data. Data sau ɗaya za ka ƙona wajen sauke manhajar kamfanin, Epson Smart Panel, HP Smart ko Canon PRINT. Ka sa a haɗa maka da wayarka a cikin shagon, ka buga da hannunka kafin ka fito.

Mataki na 6: Sabuwa ko ta hannu

Mai tawada ta hannu, kada ka taɓa. Ba ka san watannin da ta yi a kwantena tawada na bushewa a cikinta ba. Ga shi kuma wasu kamfanoni na raba katirij yanki-yanki, wadda aka yi wa kasuwar Amurka ta ƙi katirij ɗin da ake sayarwa a nan.

Leza 'yar Beljiyam kuwa tana iya yin albarka, in ka iya dubawa. Fara da juya ta ka karanta takardar da ke manne a baya. In ka ga 220 zuwa 240V, ta ƙasarmu ce. In 110 zuwa 127V ka gani, ta Amurka ce, kuma ranar da wani yaro ya jona ta kai tsaye a soket, ta ƙone ke nan. Wasu za su ce an juya ta, ko a haɗa ka da tiransifoma. Bar musu kayansu.

Daga nan ka ce, "Malam, a fitar mini da takardar bayaninta." Wannan shafin na nuna adadin takardun da ta taɓa bugawa. Sai ka sa a zuba takarda a buga shafi 15 ko 20 a jere, ba ɗaya ba, domin ciwon hita da na jan takarda sai ta yi zafi suke fitowa. Goga yatsa a kan rubutun: in ya goge, hitar ta gaji, kuma ita ce mai tsadar gyara. In ka ga ɗigo ko tabo yana maimaituwa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa, diram ne, wannan mai sauƙi ne. In tana jan takarda biyu-biyu ko tana kasa ja, robar ja ce ta suɗe, ita ma ba tsada, amma a rage maka kuɗinta. Ka tafi da kwamfutarka ko wayarka, don tsohuwar firinta wani lokaci ba ta jituwa da sabuwar Windows. A rubuta maka rasit mai lambar jikin firintar, da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita.

Mataki na 7: Hanya da ɗaki

In mai tanki ka saya, ya fi kyau kada a ɗura tawadar a shago sai dai in a mota za ka ɗauke ta a zaune daidai. In an riga an ɗura don gwaji, kada a kwantar da ita a gefe ko a kifa ta a bayan babur. Gargadar hanyar burji za ta watsa tawadar a ciki. Leza kuma a ciro katirij ɗin a naɗe shi a baƙar leda, domin hasken rana na lalata diram.

A gida, ɗora ta a tebur nesa da taga, ba a ƙasa ba. A ɗinka mata riga ko a rufe ta da zane duk lokacin da ba ta aiki. Ƙurar hunturu na sa robar ja santsi. Ɗan kyalle mai damshi ya isa a goge ta. Kyankyaso da ɓera na son ɗumin cikin leza, zanzaro kuma na iya yin gini a duk ramin da ya samu, don haka a rufe tiren takarda, kada kuma a ajiye ta a ɗakin da ake zuba hatsi. Da damina takarda na shan laima, ta riƙa lanƙwashewa tana maƙalewa. Ka bar rim ɗin a cikin ledarsa, ka ɗebi iya abin da za ka buga. Takarda mai nauyin giram 80 ta fi mai 70 rashin maƙalewa.

Mai tawada a kashe ta da maɓallinta, a jira hed ya koma mazauninsa ya rufu kafin a zare waya. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, ka kunna ta da zarar an samu wuta, kada hed ya kwana a buɗe. Kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da layin da aka zana, iska za ta shiga bututun. Kada ka gauraya tawadar kamfanoni biyu. Kwalaben kuma a ɗaga su sama. Ba tawadar allo ba ce, sinadari ce, yara kuwa ba su san bambanci ba. Masu buga darussan Islamiyya su tanadi kwali na musamman don shafukan da suka lalace masu ɗauke da ayoyi, kada su ƙare wajen mai ƙosai.

Leza in rubutunta ya fara dusashewa a gefe guda, ciro katirij ɗin ka jijjiga shi a hankali hagu da dama sau biyar ko shida ka mayar, zai ƙara maka shafuka masu dama kafin ka samu mai shiga gari. In garin ya zube a riga, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi narkar da shi yake ya kama yadin.